Horon halartar da hankali a jami'o'i: abin da limami, nas da malamin makaranta a Sakkwato za su iya samu, da abin da ba za su samu ba

A shekarar 1979 wani masanin kimiyyar ƙwayoyin halitta mai suna Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani ɗan sashe na rage damuwa a makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Masacusets da ke garin Wusta a Amurka, ya riƙa karɓar marasa lafiyar da likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu a kansu amma raɗaɗi bai rabu da su ba. Bai ba su magani ba, bai kuma yi musu alkawarin warkewa ba. Abin da ya koya musu shi ne yadda mutum zai tsayar da hankalinsa a kan abin da ke faruwa a jikinsa da zuciyarsa a daidai lokacin da yake faruwa, ba tare da ya yi gaggawar kore shi ko yanke masa hukunci ba. Wannan shi ne horon halartar da hankali, wanda a yau ake ba da digiri na biyu a kansa a jami'o'in Birtaniya, ake kuma koyar da shi ga ɗaliban likitanci da malaman makaranta da masu kula da marasa lafiya ta fuskar addini a asibitoci.

Tsarin da Kabat-Zinn ya shimfiɗa bai canza sosai ba har yanzu. Mako takwas ake yi, ana haɗuwa sau ɗaya a mako na kimanin awa biyu da rabi, da yini guda na shiru a tsakani, sannan kowa ya yi aikin gida na kusan minti 45 a kullum. Ana koyon lura da shigar numfashi da fitarsa, da bin sassan jiki ɗaya bayan ɗaya daga yatsun ƙafa zuwa ka, da motsa gaɓoɓi a hankali, da tafiya cikin sanin kowane taku. Hankali zai gudu, domin ɗabi'arsa ke nan, kuma aikin mai koyo shi ne ya gane cewa ya gudu ya dawo da shi, ko da sau ɗari ne a zama ɗaya. Masu wannan ilmi suna cewa amfanin yana cikin wannan ganewa da dawowa, domin wanda ya saba kama hankalinsa yana shirin tafiya zai iya kama shi kuma a lokacin da ya fara saƙa da warwara a kan abin da ya wuce ko zulumin abin da bai zo ba.

Daga nan ne masana lafiyar ƙwaƙwalwa suka shigo. Masana uku, Zindel Segal na Toronto a Kanada, da Mark Williams wanda a lokacin yake Bangor a yankin Wales, da John Teasdale na Kambirij, suna neman hanyar hana ciwon tsananin damuwa dawowa ga waɗanda suka taɓa warkewa daga gare shi. Sun lura cewa ga irin waɗannan mutane, ɗan ɓacin rai na yau da kullum ya isa ya tayar da tsohon tunani na "ni ba ni da amfani" ko "kome na taɓa sai ya lalace", kuma mutum ya ɗauki tunanin a matsayin gaskiya ya bi shi har ya sake faɗawa rami. Sai suka haɗa horon mako takwas ɗin da dabarun gyaran tunani. Gwajin da suka wallafa a 2000 ya nuna cewa ga waɗanda ciwon ya taɓa kamawa sau uku ko fiye, komawar ciwon ta ragu da kusan rabi, amma ga waɗanda ya kama sau biyu kawai ba a ga bambanci ba. A 2004 hukumar da ke tantance hanyoyin magani a Ingila ta amince da tsarin ga masu ciwon da ke yawan dawowa. Wani babban gwaji da Willem Kuyken ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2015 a kan mutum 424, ya kwatanta horon da ci gaba da shan magani, aka samu cewa cikin shekara biyu ciwon ya dawo wa kashi 44 cikin ɗari na masu horo da kashi 47 na masu magani. Ke nan horon bai fi magani ba, bai kuma gaza masa ba, kuma wannan shi ne iyakar abin da sakamakon ya ce.

Ya kamata a tsaya a kan wannan iyaka, domin masu tallata horon a intanet sun yi nisa fiye da masu bincikensa. Wata tawaga ta Jami'ar Johns Hopkins ta tattara gwaje-gwaje 47 a 2014, ta samu matsakaiciyar shaida cewa yana rage fargaba da damuwa da raɗaɗi, ba ta kuma samu shaidar cewa ya fi motsa jiki ko magani ko wasu hanyoyin jinya ba. A Jami'ar Kambirij an raba ɗalibai 616 gida biyu, aka ba rabi horon, sai aka ga cewa a lokacin jarrabawa yiwuwar shigar waɗanda suka samu horon cikin matsananciyar damuwa ta ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Amma da aka kai shi makarantun sakandare fiye da 80 a Birtaniya, aka gwada a kan yara fiye da 8,000 masu shekara 11 zuwa 14, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna bai fi darussan da aka saba koyarwa ba, kuma yawancin yaran ba su ma yi aikin gidan ba. Bambancin da ke tsakanin gwaje-gwajen biyu a bayyane yake: ɗaliban Kambirij su suka kawo kansu, yaran sakandare kuwa kawo musu aka yi a aji. Duk shugaban makaranta ko na ma'aikata da ke tunanin wajabta irin wannan horo ga kowa da kowa ya kamata ya san da wannan sakamako.

Abin da jami'o'i suka ƙara a kan aikin Kabat-Zinn, wanda kuma a ganina shi ne ya fi shafar mu, shi ne tsarin horar da mai koyarwa. Jami'ar Bangor ta kafa cibiyarta a 2001, Oksifod ta kafa tata a 2008, kuma su biyun tare da Jami'ar Exeter sun samar da ma'aunin da ake auna ƙwarewar malami da shi. Ana kallon yadda yake koyarwa, sau da yawa ta hoton bidiyo, a duba yadda yake sauraro, da irin tambayar da yake yi, da yadda yake riƙe taro idan wani ya fashe da kuka. Ana son ya kasance shi kansa yana yin abin da yake koyarwa a kullum, kuma yana da wani na gaba da shi da yake komawa wurinsa lokaci-lokaci su tattauna matsalolin da ya ci karo da su. Kafin a karɓi mutum cikin aji kuma ana zama da shi a ji halin da yake ciki, domin akwai waɗanda horon bai dace da su ba a wannan lokaci.

A fagen aikin lafiya, dalilin da ya sa aka rungumi horon shi ne gajiyar zuciya da ke kama ma'aikata. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan hali a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa, mai alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, da nisantar aiki a zuci har mutum ya daina damuwa da wanda yake yi wa hidima, da raguwar ingancin aiki. Ko ba a karanta rahoton hukumar ba, duk wanda ya yi jinya a babban asibiti ya san alama ta biyu, wato nas ɗin da ta fara aiki da tausayi amma bayan shekaru ta koma amsa tambayar majinyaci ba tare da ta ɗago kai ba. A Jami'ar Rochester ta Amurka an horar da likitoci 70, aka wallafa a 2009 cewa gajiyarsu ta ragu, tausayinsu ga marasa lafiya ya ƙaru, ko da yake babu wani rukunin da aka kwatanta su da shi, don haka shaidar ba ta da ƙarfin ta gwajin Kambirij. Jami'ar Monash ta Ostiraliya kuwa ta sanya horon cikin manhajar ɗaliban likitanci tun farkon shekarun 2000. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce likitan da ya san cewa ransa ya ɓaci, ko ya gaji, ko ya riga ya yanke hukunci a kan mara lafiya tun kafin ya gama bayani, ya fi kusa da kauce wa kuskure a kan wanda duk waɗannan ke tuƙa shi bai sani ba.

Kula da mutane ta fuskar addini shi ma ya zama fannin karatu a can, kuma abin mamaki, a wannan gari na Wusta ya fara. A 1925 wani fasto mai suna Anton Boisen, wanda shi kansa ya taɓa kwanciya a asibitin taɓin hankali, ya kawo ɗaliban ilmin addini asibitin gwamnati na garin domin su koyi zama da marasa lafiya a ƙarƙashin kulawar malami. Daga nan tsarin ya bunƙasa, har a yau akwai limamai Musulmi da ke wannan aiki a asibitoci da gidajen yari da jami'o'in Birtaniya da Amurka. Babban darasin da ake koya musu shi ne jinkirta amsa, wato mai ba da nasiha ya iya zama da wanda ke cikin baƙin ciki ba tare da ya yi saurin toshe masa baki da wa'azi ba, kuma a nan ne horon halartar da hankali ya samu gurbi, domin yawancin gaggawar nasiha daga rashin jurewar mai nasihar take fitowa, ba daga buƙatar mai kukan ba.

A Sakkwato ba mu da wannan aiki a matsayin sana'a mai albashi da takardar shaida, amma masu yin sa sun fi ƙarfin ƙidaya. Limamin unguwa ne, da malamin zaure, da malamar Islamiyya, da mai unguwa, da fada ko fasto a coci, da dattijuwar da ake kira idan aure ya rikice ko an yi rashi. Asalin abin ma tsoho ne a nan, domin malamai matan da ake kira jaji, waɗanda Nana Asma'u ta horar ta tura ƙauyuka a tsarin 'yan taru ba karatu kaɗai suke kai wa mata ba, har da nasiha da sasanci da kula da marasa ƙarfi. Mutumin da barci ya ƙaurace masa wata biyu ba Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware yake fara zuwa ba, ba kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ba. Bayan sallar Asuba yake tsayawa ya ce, "Allah gafarta Malam, ina son ganinka," kuma abin da malamin ya yi a minti goman da suka biyo baya shi ke yanke ko mutumin zai samu sauƙi, ko zai kai ga likita, ko zai koma gida da tunanin cewa raunin imani ne ke damunsa. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga al'umma fiye da miliyan 200, saboda haka sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ba za ta kai ga talaka ba sai ta hannun irin waɗannan mutane. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gane haka tun 1954 a Aro kusa da Abeokuta, lokacin da ya zaunar da marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya.

Tambayar da kowane malami a nan zai fara yi, kuma yana da haƙƙin yin ta, ita ce daga ina abin ya fito. Amsar gaskiya ita ce dabarun sun samo asali ne daga addinin Buddha, Kabat-Zinn a wurin malaman wannan addini ya koya, sannan ya cire musu ibada da aƙida ya kai su asibiti. Ɓoye wannan ga limami rashin amana ne, kuma ranar da ya gano da kansa zai yi watsi da abin gaba ɗaya har da wanda ya kawo shi. Ba Musulmi kaɗai ke da wannan ɗari-ɗari ba, domin a 1989 fadar Fafaroma ta fitar da wasiƙa tana jan hankalin Kiristoci game da cakuɗa addu'a da hanyoyin zuzzurfan tunani na addinan Asiya. Hukuncin halacci aikin malamai ne, ba na mai sharhi ba, amma za a sauƙaƙa musu aikin idan aka rarrabe musu abubuwa biyu da ake yawan haɗawa: akwai motsa hankali zalla, kamar lura da numfashi na minti uku kafin shiga ɗakin mara lafiya, akwai kuma fahimtar rayuwa da wasu masu koyarwa ke shigowa da ita ta bayan fage.

Sau da yawa akan ce ai Musulunci yana da muraƙaba, don haka abu ɗaya ne. Wannan magana tana da rabin gaskiya. Tabbas lura da zuciya ilmi ne mai zurfi a wurin magabata: Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a 857, laƙabinsa ma daga yawan yi wa kai hisabi ya samo shi, kuma Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u Ulumiddin inda ya jera matakai shida, daga gindaya wa rai sharaɗi da safe, zuwa sa masa ido, da yi masa hisabi, da hukunta shi, da yaƙarsa, da zarginsa. Shehu Usmanu da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello sun gaji wannan ilmi ta hanyar Ƙadiriyya, sun kuma yi rubuce-rubuce a kan gyaran zuciya. Sai dai muraƙaba lura ce da sanin cewa Allah yana ganinka, kamar yadda ya zo a hadisin Jibrilu a bayanin ihsani, kuma tana ƙarewa da hukunci a kan abin da ya dace da wanda bai dace ba. Horon jami'a kuwa ba ya fuskantar kowa, kuma da gangan yake jinkirta hukunci. Wanda ya ce su ɗaya ne ya rage wa muraƙaba daraja, ya kuma ɗora wa horon nauyin da bai ce zai ɗauka ba.

Inda suka haɗu da gaske shi ne a kan matsayin tunanin da ke ɗarsuwa a zuci. Malamai sun daɗe da bambance abin da ya gifta a rai da abin da mutum ya ƙudurta, kuma hadisi ingantacce ya nuna cewa an yafe wa al'umma abin da zukatansu suka raya musu matuƙar ba su furta ko sun aikata ba. Wannan shi ne kusan abin da Segal da abokansa ke son mai ciwon damuwa ya gane, cewa zuwan tunani ba ya nufin gaskiya ne, ba ya kuma nufin mutum ya zama abin da tunanin ya ce. Mai fama da waswasi a alwala, wanda ke maimaita wanke hannu har jam'i ya wuce shi, malaman fiƙihu cewa suke yi ya ƙyale kokwanton ya ci gaba, kuma likitan zamani ma kusan haka zai ce masa. Wani masani Musulmi, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya riga ya bambance baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauka ba dalili, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar magani, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana lafiya domin ranar buƙata. Marigayi Farfesa Malik Badri na Sudan shi ya fito da aikin Balkhi ga masu karatun zamani. Limamin da ya san wannan bambanci na Balkhi ba zai ce wa kowane mai baƙin ciki ya ƙara haƙuri kawai ba.

Akwai kuma hatsarin da ya fi kusa da mu fiye da mutanen Bangor. Binciken Willoughby Britton da abokan aikinta a Jami'ar Brown ta Amurka ya tattara bayanan mutanen da zaman shiru ya jefa cikin firgici, ko rashin barci, ko jin kamar sun rabu da jikinsu, ko dawowar tunanin mugun abin da ya taɓa faruwa da su. A jihar da mutanen Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo suka ga abin da suka gani a hannun 'yan bindiga, cewa wa matar da aka kashe mijinta a gabanta ta rufe ido ta lura da abin da ke zuwa mata a rai na iya zama buɗe mata ƙofar da ba ta da ƙarfin rufewa. Ba a ce kada a taimaka mata ba, amma hanyar ta bambanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada wani tsari mai zama biyar a kan mata 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu kusan 700 a arewacin Yuganda, da muryar da aka naɗa cikin harshen da suke ji da jagorancin mutanen gari da aka ba gajeren horo, kuma sakamakon 2020 ya nuna damuwarsu ta ragu. Darussan gajeru ne, suna dawo da hankali kan abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji a wurin da ake zaune, kuma an tanadi hanyar miƙa wanda halinsa ya tsananta ga ma'aikacin lafiya. Wannan ya fi kama da abin da sansanin 'yan gudun hijira zai iya ɗauka a kan ajin mako takwas mai aikin gida na minti 45.

Ga ma'aikata kuma akwai wani ƙorafi da ba za a tsallake ba. Wani bincike na Jami'ar Oksifod da aka wallafa a 2024, a kan ma'aikata fiye da 46,000 a Birtaniya, ya samu cewa waɗanda suka shiga shirye-shiryen jin daɗin ma'aikaci da ake yi wa mutum ɗaya ɗaya, har da wannan horo, ba su fi waɗanda ba su shiga ba samun sauƙi. Nas ɗin da ke kula da ɗaki cike da marasa lafiya ita kaɗai cikin zafin watan Afrilu ba wuta, ko malamin firamare da ke gaban yara fiye da ɗari, ba rashin iya numfashi ne matsalarsu ba. Horon na iya taimaka musu su lura da lokacin da haƙurinsu ya kusa ƙarewa kafin su huce a kan mara lafiya ko yaro, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma shugaban da ya kira taron bita na yini biyu a madadin ɗaukar ma'aikata da gyara jadawalin aiki ya yi wa gyambo fenti ne kawai.

Idan jami'o'in Sakkwato za su shiga wannan fage, kayan aikin suna nan a warwatse. Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da likitocin ƙwaƙwalwa, da masana ba da shawara a tsangayar ilmi, da malaman Larabci da addinin Musulunci, da cibiyar nazarin Hausa, ga kuma rubuce-rubucen magabata a gidan tarihi na Waziri Junaidu. Abin da ya fi dacewa su fara da shi, a ganina, gajeren kwas ne ga limamai da malamai mata da fastoci da nas-nas, wanda zai koyar da sauraro ba katsewa, da lura da halin da mai sauraron kansa yake ciki, da riƙe sirri, da alamomin da ke nuna cewa lamari ya wuce nasiha: maganar kashe kai, jin muryoyin da wasu ba sa ji, daina ci da sha, da ruɗewar mai jego bayan haihuwa. A haɗa shi da zaman wata-wata inda mahalarta za su kawo matsalolin da suka gagare su gaban likita da babban malami, ba tare da ambaton sunan kowa ba, domin wannan zama shi ne abin da mai ɗaukar damuwar jama'a a nan ya fi rasawa. Darussan su kasance da Hausa, a rubuce da kuma a murya, tunda rediyo da WhatsApp sun fi takarda isa ƙauye. Sannan a auna sakamakon kamar yadda aka auna a Kambirij da Yuganda, a raba mahalarta gida biyu, a ƙidaya mutum nawa kowane rukuni ya tura asibiti da kuma yadda suka ƙare, a wallafa abin da aka samu ko da bai yi wa masu shirin daɗi ba.